Shamuwa Ta Iso, Matafiya Suna Can

Duk wanda ya tashi a karkara ya san shamuwa ba ta saɓa alkawari. Da bazara ta kai maƙura, zafi ya hana barci a ɗaka, sai a wayi gari a gan ta bisa kuka ko tsamiya tana gyaran sheƙar bara, manomi kuwa ya shiga neman iri da sungumi, don ya san hadari ya kusa. A shekarar 2020 ma haka ta yi. Ta taso daga can gabashi da kudancin Afirka inda take cin rani, ta ƙetare ƙasa bayan ƙasa ba fasfo ba biza, ta sauka a ƙauyukan ƙasar Fataskum wajen lokacin da aka kama azumi. Sai dai a wannan karo ita kaɗai ta iso. 'Yan Adam masu yawo irin nata duk an tsare su, kowa a inda dokar kulle ta riske shi.

Ga mai karatu da bai san garin ba, Fataskum ba ta rayuwa sai da motsi. Nan hanyoyin Kano da Maiduguri da Bauchi da Gombe da Gashuwa suka haɗu. Nan ne kuma ake da karar shanun nan da ake lissafawa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, inda ake kawo dabbobi daga Barno da Nijar da Cadi, a loda su cikin tireloli a nufi Ikko da Anaca da Fatakwal. Da wuya mutum ya shiga wata unguwa, ko ta Bolewa ce, ko ta Ngizim, ko Karekare, ko Ngamo, ko Hausawa da Filani, bai sami direba ko yaron mota ko dillali ko wani wanda abincinsa ke rataye a kan titi ba. Garin da yake haka, in aka ce kowa ya tsaya inda yake, to, an taɓa masa jijiyar wuya.

Abin kuwa ya zo da sauri. Ran 27 ga watan Fabrairu aka tabbatad da mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya, wani Bature ɗan Italiya a Ikko. A ranar nan ce kuma Saudiyya ta dakatad da shigar masu Umra. Ran 23 ga Maris aka rufe filayen jiragen sama ga jiragen ƙasashen waje, ran 30 ga wata aka kulle Ikko da Abuja, Ogun kuma ran 3 ga Afrilu, a tsakiyar Afrilu Kano ta bi sahu, daga baya aka hana ƙetare iyakar jiha zuwa jiha sai ga motocin abinci da makamantansu, ba a ɗage wannan ba sai ran 1 ga Yuli. Iyakokin ƙasa na tudu kuwa dama tun watan Agusta na 2019 suke a rufe saboda wani dalili dabam. Jiragen ƙasashen waje ba su koma aiki ba sai ran 5 ga Satumba. Kalmar kulle da can ta matan aure ce, maza suna faɗinta ba tare da sun san nauyinta ba. A shekarar nan sun ɗanɗana, kuma ba a ji wanda ya yaba ba.

Wanda aka kulle a gidansa, ko ba komi yana cikin danginsa, in ya rasa gero maƙwabci ya san halin da yake ciki. Wanda abin ya fi yi wa ciwo shi ne wanda kullen ya same shi a ƙasar wasu. Akwai ɗan kasuwar da ya tafi saro kaya da guzurin mako biyu, ya ƙare da zaman wata uku, kuɗin sari suka tafi a kuɗin ɗaki. Akwai ɗalibin da aka rufe makarantarsa a Sudan ko Masar ko Indiya, ga shi iyayen da ke aika masa da ɗan abin kashewa su ma kasuwarsu ta tsaya. Akwai wanda ya je neman magani, magani ya ƙare, hanya ba ta buɗe ba. A birnin Gwanzu na ƙasar Sin, inda fataken Arewa suka saba sauka, a watan Afrilu aka riƙa fitad da baƙar fata daga gidajen haya da masaukai bisa zargin su ke yaɗa cutar, wasu suka kwana a bakin titi, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin a Abuja ya nuna masa hotunan abin da ke faruwa.

Sai ran 6 ga Mayu jirgin farko na kwaso 'yan Nijeriya ya sauka a Ikko daga Dubai da mutum 256. Jirgin nan ma sai da ya koma Dubai bayan ya tashi, domin wata mata ta haihu a cikinsa. Daga nan aka kwaso na Ingila da na Amurka da na Saudiyya da sauran wurare, a killace mutum kwana 14 kafin a sallame shi. Amma galibi mutum shi ke biyan kuɗin kujerarsa, watau wanda aljihunsa ya riga ya bushe sai ya ci gaba da zama. Maniyyata kuwa, waɗanda wasunsu suka sayad da bijimai a karar Fataskum suka biya kuɗin kujera, ba a yi Hajjin 2020 da su ba, ba a yi na 2021 da su ba, sai a 2022 hanya ta buɗe. Akwai tsofaffin da ba su kai wannan shekara ba. Allah Ya ba su ladan niyyarsu.

Akwai kuma baƙuncin da ba ya bukatar jirgin sama. Direban da ya kai shanu Kudu, ko da yake doka ta yarda masa ya wuce, ya sha tsayawa a shinge bayan shinge. Jaridu sun cika da labarin samarin Arewa da aka riƙa tsamowa daga cikin motocin kaya a iyakokin jihohin Kudu ana juyo da su, kamar ba 'yan ƙasa ɗaya ba. Sa'an nan ga almajirai. A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka shirya kowace jiha ta mai da almajiran da ke cikinta jihohinsu na asali, aka riƙa loda yara cikin motoci ana kai su garuruwan da wasunsu ba su ko iya tuna hanyar gidan ubansu ba. Yaron da aka kai Kano yana shekara shida, aka komo da shi yana sha biyu, shin a ina ne yake baƙo?

To, ina labarin waɗannan mutane yake yau? Nan ne gizo ke saƙar.

Baturen da kulle ya riske shi a wata ƙasa, abu na farko da ya yi shi ne ya ɗauki alƙalami. Ofisoshin jakadancin Amurka da Ingila da Jamus da Faransa sun kwashe mutanensu da yawa daga Ikko da Abuja a watan Afrilu, amma waɗanda suka zauna, a nan da sauran ƙasashe, sun riƙa rubuta abin da suka ci, da abin da suka ji tsoro, da abin da suka gani ta taga, rana bayan rana. Wanda ke da kyamara ya juya ta wajen tsuntsaye da namun daji, gama da motoci suka ɗauke ƙafa sai dabbobi suka fito. An ɗauki hoton awakin dutse suna yawo a titunan wani gari mai suna Landudno a yankin Wales na Birtaniya, an ɗauki na wata irin damisa a cikin birnin Santiyago na ƙasar Cile. Har ƙarya ta shiga ciki, aka yaɗa hoton wasu manyan dabbobin teku aka ce a magudanan birnin Benis aka gan su, alhali a tsibirin Sardiniya aka ɗauka. Ɗakunan karatu da gidajen tarihi na Turai da Amurka suka yi shela tun ana cikin kullen, cewa kowa ya kawo abin da ya rubuta a ajiye. Ba wai wahalarsu ta fi ta kowa ba ne. Wanda ya yi kulle da albashi da lantarki da firiji cike da abinci, bai kai rabin wahalar yaron motar da ya kwana bakwai ƙarƙashin tirela ba. Amma nan da shekara hamsin, in ɗalibi ya je neman yadda aka yi zaman 2020, na wanda ya rubuta zai samu.

Kada a ce wannan ƙorafin masu son adabi ne kawai. Rashin rubutu ya taɓa har lissafin gawa. A ƙarshen Afrilu da farkon Mayu na shekarar nan, masu haƙar kabari a Kano suka ce aikinsu ya ninka, manyan malamai da dattawa suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba da jimawa ba jaridu suka kawo irin wannan labari daga Fataskum da Gashuwa da Nguru. Da hukuma ta tashi binciken abin da ya kashe mutanen, sai ta ga babu takardar da za ta duba, domin a ƙasar nan mafi yawan mace-mace ba a rajistarsu, an yi wa mamaci sutura an kai shi makwancinsa kafin la'asar, shi ke nan. Dole aka koma bin gida gida ana tambayar iyali: ya yi zazzaɓi? ya yi tari? numfashinsa ya sarƙe? Da wannan hanya ce Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano, kuma ana jin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce sanadinsu ko ta taimaka. Jihar Yobe ma ta bi wannan hanya ta tambayar iyalai. Har yau in aka zauna a majalisa a Fataskum aka tayad da zancen, wani zai ce korona ce, wani ya ce zafin bazara ne da azumi, wani ya ce asibitoci ne suka daina karɓar masu hawan jini da ciwon sukari don tsoro. Kowa da hujjarsa, amma duk daga ka ake faɗi, kai kuwa yana mantuwa.

Abin mamaki shi ne, rubuta labarin baƙunci ba baƙon abu ba ne ga Hausa. Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, ya zauna ya ba Schön labarin abin da ya gani, aka buga cikin Magana Hausa a 1885, har yau ana karantawa. Alhaji Umaru, Bakanon da ya ƙare rayuwarsa a Kete-Karaci ta ƙasar Gana, ya bar waƙa a kan annobar murar 1918. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ana tsakiyar yaƙin Hitila, tare da wasu editocin Afirka ta Yamma, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Mutanen nan ba su da waya a aljihu, takarda ma tsada gare ta. Na yanzu kuwa ba su yi shiru ba, haƙiƙa sun yi magana fiye da kowane zamani. Wanda ke tsare a Jidda ko Gwanzu ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp kusan kullum, yana faɗin farashin burodi, da wanda ya rasu, da yadda aka yi sallar Idi a ɗaki. Sai dai saƙon murya ɗan'uwan iska ne. Waya ta cika a goge, ta faɗa ruwa, ko a sayad da ita a sayi taki.

Haka abin yake ta wajen hoto. Mai karatu na iya cewa, ana fama da abin da za a ci, wa ke ta hoton tsuntsu? Tambaya ce mai kyau, amma a dubi ungulu. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san lokacin da ba a raba mahauta da ungulu, ta cika rufin kwata da itatuwan kara, har yara na jifarta. Yau sai a yi shekara ba a ga ko ɗaya ba a garuruwa da yawa na Arewa. Tun 2015 masana suka sa irin wannan ungulu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, kuma cikin manyan dalilan akwai guba da cinikin sassan jikinta don tsibbu. Ta ɓace a gaban idon kowa, ba wanda zai iya cewa ga shekarar da ta fara raguwa a Fataskum, don ba wanda ya ƙirga, ba wanda ya ɗauka. Gauraka ma, da ƙawarta duka, ta kusa zama labari a Nijeriya. Hoton da aka ɗauka da kwanan wata da sunan wuri shaida ne, ko a gaban hukuma.

Ga shi kuwa Jihar Yobe ba ta rasa abin ɗauka ba. In aka bi hanyar Jakusko zuwa Gashuwa za a kai ga fadamun Haɗeja da Nguru, inda tafkin Dagona yake, cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Cadi. Nan agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsayen bakin ruwa suke sauka da kaka bayan sun ƙetaro Bahar Rum da Sahara daga Turai, su yi hunturu tare da dinya da kirinjijiya da zalɓe, sa'an nan su juya wajen Maris da Afrilu. Watau a makonnin da aka rufe filayen jiragen sama, su suna ta tashi zuwa ƙasashen da cutar ta fi tsanani, ba mai tambayarsu takarda. Saboda tsuntsayen nan ne Yarima Filip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona a 1989. An sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a shekarar 2000, Dagona kuma a 2008. Amma madatsun Tiga da Challawa sun canza yadda ambaliya ke zuwa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunci da manomi da makiyayi da tsuntsu duk suna kokawa a kan ruwan da ya rage. Akwai 'yan ƙasa da suka tashi tsaye, musamman cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda ta kafa shirin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda matasa 'yan sa kai, har da na Arewa, suke fita suna rubuta abin da suka gani. Aikin ba ya bukatar kyamarar miliyoyi. Wayar da ake ɗaukar hoton biki da ita ta isa ɗaukar sheƙar shamuwa.

Akwai ƙungiya guda da ta yi rubutu sosai a kan Yobe da Barno a shekarar nan, ita ce ta ma'aikatan agaji. Su ba su sami damar zama a ɗaka ba, domin yunwa da gudun hijira ba su san kulle ba. Galibin mutane in an ce ma'aikacin agaji sai su hango Bature cikin farar mota. Gaskiyar magana ita ce mafi yawansu 'yan ƙasa ne, kuma da yawansu su ma baƙi ne a inda suke aiki, iyalansu na wata jiha, hanya a rufe. Mutum na farko da aka tabbatar korona ta kama a Jihar Barno ma'aikacin jinya ne na ƙungiyar likitocin nan ta MSF, yana aiki a Pulka, ya rasu a Maiduguri ran 18 ga Afrilu. A watan Yuli kuma 'yan bindiga suka kashe ma'aikata biyar da suka sace a hanyar Monguno, cikinsu har da na ƙungiyar Action Against Hunger mai yaƙi da yunwa, wadda ke aiki a Yobe ma. Dukansu 'yan Nijeriya ne. Mutanen Fataskum, waɗanda suka ga harin kara na 2012 da na makarantar sakandaren kimiyya na Nuwamban 2014, ba sai an yi musu bayanin irin wannan rashi ba.

Sai dai rubutun ƙungiyoyin agaji iri ne dabam. Da Turanci ake yinsa, don masu ba da kuɗi a Janiba da Birasal da Niyok, kuma harshensa harshen lissafi ne: gidaje kaza sun karɓi kaza, yara kaza an auna damtsensu. Ba laifi ba ne, aikinsu ke nan, da ba su ƙirga ba ma da ba a san ko wannan ba. Amma a cikin rahoton nan ba za a ji yadda magidanci ya ji ran da ya tsaya a layin karɓar abinci karo na farko a rayuwarsa ba, shi da ya saba a ci a gidansa. Ba za a ji abin da matar direba ta sayar ba kafin mijinta ya komo. Wannan sai mai shi, ko wanda ya zauna da shi ya saurara da harshen da yake mafarki da shi.

Ran 5 ga Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa na duniya, jama'a kuwa sun riga ta mantawa. Amma waɗanda suka ga abin da idonsu suna nan da ransu, mafi yawansu. A Fataskum akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya, a Damaturu akwai Jami'ar Jihar Yobe, a Gashuwa akwai ta Tarayya, kowacce da ɗaliban da ake nema wa abin da za su yi bincike a kai kowace shekara. Akwai fadar Fika da ta Fataskum, waɗanda in suka yi kira dattawa za su amsa. Akwai ƙungiyar direbobi da ta dillalan kara, waɗanda suka san wane ne ya maƙale a ina, kwana nawa. Ɗalibi ɗaya da waya da littafin rubutu zai iya zama da mutum goma cikin hutu guda, ya rubuta da Hausa ko Bolanci ko Ngizimanci yadda aka faɗa masa, a ajiye kwafi a makaranta, a aika da wani Gidan Arewa a Kaduna. Masu haƙar kabari ya kamata a fara nema, domin su ne suka riƙe lissafin da hukuma ba ta riƙe ba, kuma da yawansu tsofaffi ne.